Takardar sakandare ba tare da komawa aji ba: Yadda jarrabawar masu zaman kansu take ga mutanen Kagarko da kewaye

Daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, hukumomin shirya jarrabawa na ƙasa kan buɗe rajistar wata jarrabawa da ba a cika yi mata shela kamar ta ɗaliban makarantu ba. Ita ce jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu, wadda har yau jama'a suka fi sani da tsohon sunanta na GCE.

Ba a tambayar mai shigarta makarantar da ya yi, ba a neman sa hannun shugaban wata makaranta, kuma babu shekarun da za a ce mutum ya girme ta. Wanda ya ci yana samun takardar shaida mai daraja ɗaya da ta ɗalibin da ya shafe shekara shida a sakandare.

A Ƙaramar Hukumar Kagarko da ke kudancin Jihar Kaduna, wannan magana ce da ta shafi gidaje da dama. Ƙidayar 2006 ta nuna yankin na da mutane kusan 240,000, waɗanda suka haɗa da Koro da Gbagyi da Hausawa da Fulani, mafi yawansu manoma, kuma citta ce kan gaba a amfanin gonar da ke kawo musu kuɗi. Yankin ya yi iyaka da Babban Birnin Tarayya, har ma matashin Jere ko Iddah na iya barin gida da safe ya isa Bwari kafin hantsi ya dubi ludayi. A Bwarin nan hedikwatar hukumar JAMB take. Sai dai kusancin wuri bai isa ba, domin ƙofar jami'a da ta aikin gwamnati, har da ta kamfanoni masu yawa a Abuja, ba ta buɗuwa sai an nuna takardar sakandare.

Dalilan da suka hana mutane mallakar takardar sanannu ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara ne, wato zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma a daidai wannan gaɓar ce yara da yawa kan tsaya: namiji ya koma gona ko ya kama acaɓa, mace kuma a yi mata aure. Rufe makarantun da annobar korona ta jawo a watan Maris na 2020, da matsalar tsaron da ta sa aka rufe wasu makarantu a jihar a 2021, da cutar da ta halaka gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 ta bar iyaye babu kuɗi, kowanne ya fitar da wasu ɗalibai daga aji waɗanda ba su sake komawa ba.

Akwai kuma wani rukuni mai yawa da ake mantawa da shi: waɗanda suka gama aji shida lafiya, suka zana jarrabawa, amma Turanci ko Lissafi ya kayar da su. Su ma wannan ce hanyarsu.

Ba wata jarrabawa ce daban ba

A Amurka, wanda ya bar makaranta yana zana wata jarrabawa ta musamman mai suna GED, wadda aka ƙirƙiro a 1942 domin sojojin da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da karatu. Fannoni huɗu take ɗauke da su a yau, wato lissafi da harshe da kimiyya da nazarin zamantakewa, kuma takardar da ake bayarwa madadin ta sakandare ce, ba ita kanta ba.

Tsarin Najeriya ya sha bamban. Babu wata gajeriyar jarrabawa da aka ware wa manya. Manhajar da ɗan aji shida ya karanta ita mai zaman kansa zai karanta, darasi bayan darasi, kuma ma'auni ɗaya ake auna su da shi. Wannan ya fi kama da abin da ake yi a Jamhuriyar Nijar, inda mutum kan shiga jarrabawar BEPC ko ta Bakaloriya a matsayin mai zaman kansa. Amfanin tsarin shi ne babu mai raina takardar. Wahalarsa kuma ita ce babu rangwame.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun kafin samun 'yancin kai, ma'aikata da malaman firamare a Najeriya kan yi karatu ta gidan waya da kwalejojin Ingila irin su Wolsey Hall, su zana GCE daga gida. Fitaccen lauya Afe Babalola, wanda ya kafa jami'arsa a Ado-Ekiti a 2009, karatun aji bai wuce na firamare ba. Ta wannan hanyar ya samu GCE, sannan ya yi digiri da Jami'ar Landan yana ɗalibi daga waje.

Hukumomi huɗu, ƙofofi huɗu

Mafi daɗewa ita ce WAEC, wadda aka kafa a 1952, kuma take aiki a ƙasashe biyar: Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. A da, sau ɗaya take shirya jarrabawar masu zaman kansu, a ƙarshen shekara. Daga 2018 ta ƙara zango na biyu, ta yadda yanzu akwai na watannin Janairu da Fabrairu, akwai kuma na ƙarshen shekara. Zangon farkon shekara ya fi ƙarancin darussa, kuma cibiyoyinsa sun fi karkata ga birane.

Sai NECO, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa a 1999, mai hedikwata a Minna. Ta shirya jarrabawar kammala sakandare ta farko a shekarar 2000. Tata ta masu zaman kansu a watannin Nuwamba da Disamba ake yi.

Ta uku ita ce NABTEB mai hedikwata a Benin, wadda aka kafa a 1992 domin fannin sana'a da kasuwanci. Wannan ita ce ƙofar da aka fi sakaci da ita, alhali ita ta fi dacewa da dimbin matasan da suka bar aji suka shiga gareji ko shagon walda. Makaniki da kafinta da magini da mai wayarin da tela na iya zana jarrabawa a kan sana'ar da suka riga suka iya, tare da darussan gama-gari irin su Turanci da Lissafi, su samu takardar NTC ta fasaha ko NBC ta kasuwanci. Ana karɓar takardun wajen neman gurbin karatu a manyan makarantu. Ita ma tana da zaman ƙarshen shekara na masu zaman kansu.

Ta huɗu ita ce NBAIS, hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta ke komawa ga zamanin Sardauna Ahmadu Bello a 1960, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a matsayin hukumar jarrabawa ta ƙasa a 2011. Jarrabawarta ta haɗa Larabci da darussan addini da na boko, don haka ta dace da wanda ya yi zurfi a Islamiyya ko haddar Alƙur'ani yana neman shiga jami'a.

Ba a zaɓar hukuma da jita-jitar cewa ta wance ta fi sauƙi. Abin dubawa shi ne inda mutum ya dosa. Mai burin karatu a ƙasar waje zai fi samun sauƙi da takardar WAEC saboda an fi saninta a can. Mai neman gurbi a cikin gida kuwa, duk wadda ya riƙe ta wadatar, muddin darussan sun dace.

Kiredit biyar a zama biyu

Ana bayyana sakamakon kowane darasi da matakai tara. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba ta kai kiredit ba. F9 faɗuwa ce. Mutum na iya riƙe takarda mai darussa tara ba tare da ta amfane shi ba, idan yawancinsu D7 da E8 ne.

Ƙa'idar da aka daɗe a kanta wajen shiga jami'a ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace, a zaman da bai wuce biyu ba. Ma'anar zama biyu ita ce an yarda mutum ya haɗa sakamako biyu, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO, ko ɗaya na makaranta ɗaya na mai zaman kansa. Wannan ƙa'ida ce ke ceton wanda ya gama sakandare da kiredit huɗu: ba sai ya sake cin komai daga farko ba, abin da ya rasa zai mayar da hankali a kai. Amma akwai kwasa-kwasai masu tsananin gasa, irin su likitanci, da wasu jami'o'i ke dagewa sai an kawo sakamakon zama ɗaya.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta sharuɗɗan. Ta ce kiredit a Turanci na nan wajibi ga mai neman jami'a, amma kiredit a Lissafi ya zama dole ne ga masu fannin kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, ban da masu fannin adabi. Ta kuma tsayar da kiredit huɗu a matsayin mafi ƙarancin abin da ake nema domin shiga karatun ƙaramar difloma da na NCE. Daga baya ma'aikatar ta yi ƙarin bayani cewa wannan bai ɗauke wa kowa yin rajista da zana darussan biyu ba. Duk da sassaucin, kuskure ne mutum ya yi watsi da Lissafi, domin sharaɗin gurbin karatu daban, sharaɗin ɗaukar aiki daban. Rundunar 'yan sanda, alal misali, kan nemi kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi ga mai son shiga aikin kurtu.

A nan ne zaɓen darussa ke da muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ba a wuce darussa tara a zama guda. Matar da ta bar makaranta saboda aure, yanzu take son shiga Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Kafanchan, dole ta samu kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Idan ta cika fom ɗinta da Hausa da Gwamnati da Kasuwanci don sun fi mata sauƙi, ko ta ci A1 a dukkansu ba za su kai ta ɗakin jinya ba. Haka ma mai son Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko Jami'ar Tarayya ta Kachia da gwamnatin tarayya ta karɓa a 2025, ya kamata ya fara duba kundin JAMB ya ga abin da kwas ɗinsa ke buƙata kafin ya biya ko sisi. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ta fi dacewa da mai iyali ko mai sana'a, ba ta bi ta jarrabawar share fagen shiga jami'a, amma ita ma sai da kiredit biyar.

Bayan an cika darussan dole, sauran gurabe na wanda ya san kansa ne. Manomin citta da ya shekara goma yana hulɗa da ƙasa da taki da ƙwari yana da rabin darasin Kimiyyar Noma a hannunsa. Ɗan kasuwa ba baƙo ba ne a darasin Kasuwanci. Darasin Hausa ma hanya ce ta samun kiredit, amma jin harshe kaɗai ba ya bayar da shi: akwai nahawu da ƙa'idojin rubutu da fassara, akwai kuma littattafan adabi da aka ware waɗanda sai an karanta su.

Abin da makaranta ke bai wa ɗalibi

Ɗalibin makaranta yana shiga ɗakin jarrabawa da guzuri. Makarantarsa ta riga ta aika wa hukuma makin gwaje-gwajen da ya yi tun daga aji huɗu, kuma wannan makin na da kaso a sakamakonsa na ƙarshe. Mai zaman kansa ba shi da irin wannan ajiya. Abin da ya rubuta a ranar shi ne duka abin da za a auna shi da shi.

Bambanci na biyu ya shafi masu kimiyya. Ɗan makaranta yana yin gwajin aiki a ɗakin gwaje-gwaje, da kwalabe da sinadarai da ma'auni a gabansa. Mai zaman kansa kuwa takarda ake ba shi a madadin haka, mai ɗauke da zane-zanen kayan aiki da alƙaluman awo, a ce ya karanta, ya cika jadawali, ya zana giraf, ya fitar da sakamako. Wasu na ɗauka wannan sauƙi ne. Ga wanda bai taɓa ganin kayan da idonsa ba, karanta awo daga zane ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa malamai kan shawarci irin wannan ɗalibi ya nemi izinin shiga ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta ko da sau kaɗan ne.

Turanci ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne babban shingen. Jarrabawarsa ta ƙunshi rubuta insha'i ko wasiƙa, da karanta nassi a amsa tambayoyi, da taƙaita wani dogon nassi cikin 'yan jimloli, da tambayoyin zaɓi a kan nahawu da ma'anar kalmomi, sai kuma sashen furuci wanda a rubuce ake amsa shi. Mutumin da ya zauna a Abuja yana jin Turancin kasuwa, har yana ciniki da shi, amma ba shi ake tambaya ba. Sashen taƙaitawa ya fi cin mutane, domin kwafo jimlolin nassin yadda suke ba ya kawo maki; ana son mutum ya gane manufa ya faɗe ta da kalmominsa. Wannan ƙwarewa ce da ba a samu a mako biyu. Wanda ya bar aji shekara biyar ko goma da suka wuce zai fi kyauta wa kansa idan ya ware shekara guda cur yana karatu kafin ya yi rajista.

Kayan aikin kuwa ba su da tsada sosai: manhajar hukumar da aka zaɓa, littattafan aji huɗu zuwa shida, da kundin tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a shagunan littattafai. Malaman sakandare a garuruwa da dama kan buɗe darasin yamma bayan an tashi daga makaranta, kuma akwai azuzuwan ilimin manya da hukumomin jihohi ke gudanarwa ƙarƙashin kulawar hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa, NMEC, wadda aka kafa a 1990. Wanda karatunsa ya tsaya a firamare, daga irin waɗannan azuzuwa ya kamata ya faro, ba daga fom ɗin jarrabawa ba.

Lokacin jarrabawa, lokacin haƙar citta

Akwai wata matsala da ba ta cikin kowace manhaja, amma duk mutumin Kagarko ya san ta. Ana shuka citta ne a watannin Afrilu da Mayu, a fara haƙa daga ƙarshen Oktoba, a ci gaba da tsagawa da shanya a cikin hunturu kafin a kai kasuwa irin ta Kubacha. Jarrabawar ƙarshen shekara ta NECO da WAEC da NABTEB na faɗowa ne a tsakiyar wannan aiki, kuma ba kwana ɗaya ake yi ba. Takardun a warwatse suke cikin makonni. Matashin da shi ne ƙarfin gonar gidansu zai tarar ana nemansa a wuri biyu.

Kuɗin rajista kuma ana biyansa ne watanni kafin haka, a lokacin da manomi ya riga ya zuba abin hannunsa a iri da taki da 'yan ƙwadago, amfani bai nuna ba. Ɗaliban makarantun gwamnati a wasu jihohi kan samu a biya musu kuɗin jarrabawa, amma mai zaman kansa daga aljihunsa zai biya. Dabarar da ta fi ita ce a ware kuɗin tun daga cinikin kakar da ta gabata, a kuma yi rajista da wuri, domin hukumomin kan ɗora tara a kan wanda ya makara. WAEC na karɓar mai shigowa a ƙurarren lokaci, har zuwa kwana guda kafin takardar da yake son zanawa, amma kuɗin wannan ya fi na rajistar da aka saba nesa ba kusa ba.

Zangon Janairu da Fabrairu na WAEC ya fi dacewa da kalandar manomi, domin aikin gona ya lafa, kuɗi sun shigo. Sai dai shi ne ya fi nisa da ƙauye.

Maganar nisa ba ƙarama ba ce. Ɗan makaranta a makarantarsa yake zana jarrabawa. Mai zaman kansa kuwa gari yake zaɓa a lokacin rajista daga cikin garuruwan da hukuma ta lissafa, sannan hukumar ta tura shi cibiya. Cibiyoyin ba su kai yawan makarantu ba. Mutumin Katugal ko Aribi ko Kushe na buƙatar ya duba jerin da kyau ya ga wanne ya fi masa kusa, ko ta ɓangaren Kwoi da Kafanchan, ko ta ɓangaren Bwari da Abuja, ko kuma Kaduna, tunda babu dokar da ta ce sai a jiharsa zai zana. Ya kuma lissafa kuɗin mota da na abinci da wurin kwana, waɗanda a wasu lokuta kan zarce kuɗin rajistar kanta. Da yake wasu takardun da sassafe ake farawa, wasu kuma kan kai yamma, kuma hanyoyin yankin ba na tafiyar dare ba ne saboda yanayin tsaro, sauka a gidan ɗan'uwa kusa da cibiya ya fi jeka-ka-dawo.

Sabon abin da ya shigo shi ne kwamfuta. A zangon farko na 2024 WAEC ta fara gudanar da jarrabawar masu zaman kansu ta kwamfuta: tambayoyin zaɓi a kan allo ake amsa su, na rubutu kuma a nuna su a allo a amsa a takarda. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana ƙudurin gwamnati na mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Tsarin na rage satar amsa, amma yana ƙara wa ɗan ƙauye nauyi biyu: cibiyoyin kwamfuta a manyan garuruwa suke, kuma wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ɓata lokaci yana lalube. Iya latsa waya na taimakawa, sai dai kwana biyu ko uku na gwaji a shagon kwamfuta sun fi.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Ta intanet ake rajista, kuma mafi yawan mutane a shagon kafe suke yi. Ana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da hoto, da ɗaukar zanen yatsu. A wannan mataki ne ake yin kurakuran da kan bi mutum shekaru.

Mai kafe na iya rubuta Mohammed inda katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, ko ya sa sunan uba a gurbin sunan yanka, ko ya ƙirƙiro ranar haihuwa don mai rajista ya ce bai tuna ba. Matar aure na iya sa sunan miji alhali tsohon sakamakonta na makaranta da sunan mahaifi yake. Ranar da aka zo haɗa sakamako biyu, ko ɗora su a shafin JAMB, ko tantancewar ɗaukar aiki, sai a tarar kamar mutum biyu ne. Gyara irin wannan kuskure bayan an fitar da takarda na cin kuɗi da lokaci, wani ma ba ya gyaruwa. Mai rajista ya tsaya a kan mai kafe, ya karanta kowane layi a allo kafin a aika, ya kuma karɓi takardar shaidar rajistarsa mai hoto, wadda ita ce izininsa na shiga ɗakin jarrabawa. Lambar waya da adireshin imel ma nasa ya kamata a sa, ba na mai shago ba.

Cibiyoyin da ake kira mirakul

Duk inda aka taru ana maganar GCE, sai an samu mai cewa ya san wata cibiya da ba a faɗuwa. Waɗannan su ne wuraren da ake kira mirakul santa, inda ake karɓar kuɗi ninkin-ba-ninkin da alkawarin rubuta amsa a allo, ko sa wani ya zana wa mutum. Akwai kuma 'yan damfarar intanet da ke tallar tambayoyin gobe, ko su ce za su ɗaga maki bayan an fitar da sakamako.

Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga ɗalibi da mai sa ido da duk wanda ya taimaka. Amma hukuncin da aka fi gani shi ne na hukumomin kansu. Masu duba takardu kan gane idan mutum arba'in suka rubuta amsa iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya, sai a riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya a yi bincike, wanda kan ƙare da sokewa. A irin wannan hali har wanda bai saci komai ba yana iya shiga ciki, saboda kawai ya zauna a wurin. A watan Mayun 2025 Ma'aikatar Ilimi ta ba da umarnin a haramta wa duk wanda aka kama zana kowace jarrabawa ta ƙasa har tsawon shekara uku, ta hanyar amfani da lambarsa ta NIN, yadda ba zai gudu daga wannan hukuma ya faɗa waccan ba.

Ko an tsira daga kamu, takardar ba ita ce zangon ƙarshe ba. Mai A1 a Turanci da bai iya rubuta wasiƙa ba zai gamu da jarrabawar JAMB a gaban kwamfuta, sannan tantancewar jami'a, sannan shekarar farko ta karatu, inda ake sallamar wanda ya kasa.

Bayan sakamako ya fito

Akwai wani wuri da kalmar "daidai da takardar sakandare" ke da faffaɗar ma'ana, kuma yana rikita mutane. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya shardanta wa mai neman kujerar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ya yi karatu zuwa matakin takardar sakandare ko daidai da ita. Sashe na 318 ya fassara wannan har ya haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, da kuma takardar firamare idan an haɗa ta da aikin shekara goma, da kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da Turanci yadda hukumar zaɓe ta gamsu. Wannan fassara ta takarar siyasa ce kaɗai. Jami'a da kwalejin jinya da hukumar ɗaukar 'yan sanda ba sa aiki da ita. Kiredit suke ƙirgawa.

Sakamako kan fito 'yan makonni bayan takarda ta ƙarshe, kuma ta intanet ake dubawa da lambar jarrabawa da lambar sirri. Idan an ga an riƙe wani darasi, ba lallai ne soke shi aka yi ba. Wani lokaci kuskuren rajista ne ko binciken da bai ƙare ba, kuma ofisoshin hukumomin da ke Kaduna su ne wurin bin bahasi, ba dillalai ba.

Takardar da aka buga daga intanet ta isa a nemi gurbin karatu da ita, amma ba ita ce takardar shaida ta asali ba. Ɗan makaranta a makarantarsa yake karɓar tasa, mai zaman kansa kuwa daga hukuma kai tsaye yake nema. Tun watan Oktoban 2022 WAEC ta buɗe shafin da ake sauke takardar shaida ta zamani, wanda ya ƙunshi na waɗanda suka zana daga 1999 zuwa yau, har da wanda tasa ta ɓata ko gobara ta ci. Wannan na da amfani ga mai haɗa zama biyu, domin tsohon sakamakon da ya bari tun yana saurayi ba ya tsufa: kiredit uku da aka ci a 2009 na iya haɗuwa da biyu da aka ci bana, su cika biyar.